Katangar Inna Ganiya

Katangar ta yi ciki. Ni na fara gani, wata Talata da hantsi, da na hau duba tsofaffin bishiyoyinmu na gahawa. Ina ɗaga kai na ga tsakiyar katangar da ke samansu ta turo waje, duwatsu uku sun saki juna, jar ƙasa tana zirara ta tsakani. Na ajiye kwandona na yi salati. Duk wanda ya tashi a dutsen Haraz ya san abin da wannan ke nufi. Gonakinmu hawa-hawa suke a jikin dutse, kowane hawa katangar duwatsu ce ke riƙe masa ƙasa, kuma in ta sama ta fashe da ruwa, wanda ke ƙasa ne zai sha ta. Ga shi bai fi saura sati uku ruwan bazara ya sauka ba.

Hawan da ke ƙarƙashin katangar namu ne. Bishiyoyi goma sha ɗaya ne a cikinsa, duk ƙauyen Bait Sinan Iyaye ake ce musu. Sun girme ni nesa ba kusa ba. Lokacin da aka yi fari shekara uku a jere, gahawar kowa ta ƙone, su kuwa ko ganye ba su zubar ba. Tun daga nan babana Hizam ya daina kai 'ya'yansu kasuwa. Duk kaka sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ajiye buhun iri da mudu, kowa ya zo da kwanonsa a cika masa kyauta. Sharaɗinsa ɗaya ne: ka tumɓuke kat, ganyen nan da mazanmu ke kashe yini suna tauna, daga hawa guda, ka sa gahawa a wurin. Yau fiye da gida arba'in daga jikin Iyaye suke ci, kuma na san samari da yawa da suka haɗa jakar tafiya Saudiyya suka warware saboda su. Ƙaramin tsiro ana iya cire shi a kai wani wuri. Bishiyar da ta shekara sittin saiwarta na cikin dutse, inda take nan za ta rayu ko ta mutu.

Abin da ya ɗaure ni shi ne katangar ba tamu ba ce, ta gidan Sabit ce. Sabit ya daɗe da rasuwa. Ɗansa Mukbil ya tafi Jidda yau shekara goma sha takwas, ya bar hawansu ga ƙaya da ƙadangaru, ya bar mahaifiyarsa Inna Ganiya ita kaɗai a gidan da ke saman hanya. A ƙauyenmu kuwa ba ka taɓa katangar wani. In ka ɗora dutse ko guda ne a katangar gonar da aka bari, ka fara neman gonar ke nan, domin dattawa suna ba wanda ya raya ƙasa rabo a cikinta. Hanya ɗaya ce ba ta da rigima. Mai gona ya kira gayya, ya ɗora dutsen farko da hannunsa, sannan gari duka ya sa hannu, ta yadda ba mai bugun ƙirji gobe ya ce shi ya gina.

Na kai maganar gida muna cin tuwon asida da rana. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu, gwiwoyin Baba kuma suka ƙi hawan dutse, gona ta koma hannuna da na ƙanena Rajih. Rajih yana da ƙarfin mutum biyu, amma haƙurinsa bai kai na akuya ba.

"Mu gyara mana," in ji shi, bakinsa cike. "Aikin kwana biyu ne. Wa zai hana mu?"

"Wa zai hana ka?" na ce. "Kai jiya ka zo garin nan?"

"Ji ki fa, Yaya Takiyya. Mutum yana can Jidda fanka na busa shi, mu kuma mu naɗe hannu mu jira katangarsa ta binne mu?"

Nan take ya ɗauko waya ya kira Mukbil. Mukbil ya gaishe mu, ya tambayi lafiyar kowa har da jakinmu, sannan ya ce gona tana hannun Inna, abin da ta ce shi ke nan. Baba kuwa ya daina ci. Ya janye hannu daga kwano, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ganiya ba za ta kira ba." Na tambaye shi dalili, sai ya miƙe ya ce lokacin salla ya yi, alhali mun riga mun yi azahar.

Na san gidanmu da nata ba a cika gaisawa ba, amma na ɗauka irin tsohuwar gabar nan ce ta ƙauye da ba mai tuna mafarinta. Da la'asar na ƙulla busasshen ɓawon gahawa mai kyau, wanda muke dafawa mu sha, na haɗa da citta, na hau wurinta. Na same ta a saman soro tana tsince hulba. 'Yar ƙaramar mace ce, ta haura tamanin, ido ɗaya ya mutu amma ɗayan yana aikin biyu.

"Sannu da gida, Inna."

"Wa nake ji? 'Yar Hizam? Yau kuma wace iska ta kaɗo ki?"

Na ajiye ƙullin a gabanta, na gaya mata katanga ta yi ciki.

"To Allah ya sauke ta lafiya," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Inna, ba wasa nake ba. In ta fashe, Iyaye sun tafi. Ba abin da zai fita daga hannunki. Mu za mu yanka, mu za mu dafa, ke dai ki kira gayya ki ɗora dutsen farko."

"Ku za ku yanka, ku za ku dafa." Ta girgiza kai. "Gidan Galib akwai kirki. Kakanki Galib ma haka yake, ba ya iya ganin katangar mutum ta karkace ya wuce." Ta turo mini ƙullin da ƙafa. "Ɗauki kayanki. Katangata ce, in ta ga dama ta faɗi."

Na sauko raina a ɓace, ina faɗin abubuwa a zuciyata waɗanda ba a faɗa wa tsohuwa. Na biya wurin Akil Naji, mai garinmu, ya ce ba shi da ikon tilasta wa mutum kiran gayya a gonarsa. "Ki lallaɓa ta," ya ce. Na tambaye shi ko ya taɓa gwadawa, ya yi dariya ya koma kan taunarsa. Ban daddara ba. Na sake hawa washegari, na sake hawa jibi, duk sau biyun ƙofa a rufe na samu, ina jin motsinta a ciki.

Kwana huɗu bayan nan Rajih ya yi abin da na san zai yi. Ana idar da sallar asuba ya zame ya hau, ya cusa duwatsu biyar a inda katangar ta buɗe, ya shafe su da ƙasa, ya sauko yana fito. Abin da ya manta shi ne dutsen da ya shekara a katanga yana da baƙar fuska da rana ta ƙona, wanda aka ɗauko jiya kuwa fari ne tas. Daga soron Inna Ganiya ana hango su kamar haƙora. Kafin rana ta yi zafi ta sauko da sandarta, ta tsaya a bakin katangar daga sama tana ƙwala kira, har mata suka firfito daga gidaje.

"Jama'ar Bait Sinan, ku zo ku gani! Sun fara! Jikan Galib ya ɗora! Guda biyar ne, ku duba da idonku, kada gobe a ce tsohuwa ta ruɗe!"

Ta durƙusa ta zura sanda ta ɓanɓare su ɗaya-ɗaya. Na biyar ɗin bai fito shi kaɗai ba, ya jawo wani tsohon dutse babba. Dutsen ya gangaro cikin hawanmu ya daki bishiya ta uku daga magudana, wani reshe mai kaurin hannuna ya tsage ya kwanta. Ina tsaye a wurin, kuma na ji ƙarar da ta fita daga bakin Inna Ganiya. Ba ƙarar fushi ba ce. Irin wadda mace ke yi ce in ta ga ɗanta ya faɗo daga tsani. Sai ta yi maza ta haɗe fuska, ta dogara sanda ta koma gida.

Na juya kan Rajih. "Ka ga aikinka? Ɗazu ramin kamar kwano yake, yanzu ya zama kamar kwando."

"Ni na ce ta cire?"

"Kai ka ce ta zo ta tara mana gari. Je ka can hawanka na kat da kake ɓoyewa bayan tafki, ka bar ni in ji da abin da ya dame ni."

Ranar da yamma gajimare ya fara tasowa daga wajen Tihama, baƙi, yana lasar kawunan duwatsu. Bai zubar ba, amma kowa ya ji ƙamshinsa. Na zauna kusa da reshen da ya tsage, wannan ƙarar ta tsohuwa ta ƙi fita daga kunnena. Me zai sa mace ta yi wa bishiyar abokan gabarta irin wannan kuka? Na sa wuƙa na ƙarasa yanke reshen, na saɓa shi a kafaɗa na hau. Na yi niyyar in ba ta buɗe ba, a bakin ƙofar zan zauna har ta gaji.

Ta buɗe. Ta dubi reshen, ta karɓa, ta shafa wajen tsagewar da ɗan yatsa, ta kai hanci.

"Ta uku ce daga magudana," ta ce. "Da ma tun tana ƙarama mahaɗar rassanta ba ta da ƙwari."

"Ya aka yi kika sani, Inna?"

"Ubanki bai gaya miki ba?" Ta dube ni da idon nan guda, ta daɗe. "Ashe bai gaya miki ba. Shigo. Kada ki zauna a nan, kaza ta ɓata wurin."

Na zauna inda ta nuna. Ta ɗora reshen a cinya.

"Ni na kawo su. A bakin mayafina na ƙullo irinsu daga gonar ubana a dutsen Bura'a, ranar da aka kawo ni garin nan. Goma sha huɗu na shuka, uku suka ƙi. Da tulu nake hawo musu da ruwa, ina da tsohon cikin Mukbil. Sai Sabit ya tafi birnin Adan aikin jirgin ruwa. A wannan shekarar ne ruwa ya ci katangar wannan hawan. Kakanki Galib ya zo ya ce, 'Yar'uwa kada ki damu, ni zan gyara.' Na yi masa godiya. Har abinci nake kai musu, shi da ubanki, lokacin yana saurayi yana ɗauko masa dutse. Shekara uku yana taimakona. Da Sabit ya dawo, dattawa suka zauna suka ce ƙasa ta wanda ya raya ta ce. Ba wanda ya tambaye ni wa ya shuka."

Na rasa inda zan sa idona. Kunya ce ta kama ni.

"Shekara hamsin da biyar ina hango su daga soron nan," ta ce. "Ubanki yana zaune a ƙofar gida yana rabon irina, mutane suna sa masa albarka."

"To ai in katangar ta fashe, naki ne za su mutu, Inna."

"Na sani. Kin ɗauka ban ga gajimaren nan ba? Amma wancan karon hawa ɗaya kuka ci. Wannan na sama shi kaɗai ya rage wa Mukbil. Ko gayya ce, in dai gidanku ne ya yanka ya dafa, wata rana wani jikan Galib zai tashi ya ce da namanmu aka gina. Gara in gan su a ƙarƙashin laka."

Ta faɗi haka ne hannunta yana kan reshen.

"In aka mayar miki da su fa?" na ce.

Ta yi wata 'yar dariya. "Hizam? Ya mayar? Tashi ki tafi, 'yar nan. Ki gaishe shi."

Na sami Baba a ɗakin dutsen niƙa, inda muke ɓare wa mutane gahawarsu. Ba aiki yake ba, zaune kawai yake a kan buhu. Rajih yana gefe yana gyaran maƙallin dutsen. Ban yi wata doguwar gaisuwa ba.

"Baba, daga wurin Inna Ganiya nake. Gaskiya ne abin da ta faɗa?"

"Hukuncin dattawa ne."

"Ba hukunci na tambaye ka ba. Wa ya shuka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ita," ya ce.

Rajih ya saki guduma. Baba ya ci gaba da magana yana kallon ƙasa. "Kina zaton fari ne ya sa na daina sayarwa? Fari dalili ne na samu da zan faɗa wa mutane. Tun ranar da aka binne ubana ba na son ribarsu ta shiga tukunyar gidan nan. Na ce in kowa ya ci, ƙila nauyin ya ragu."

"Kyauta kake yi da abin da ba naka ba, Baba."

Ban taɓa yi masa irin wannan maganar ba, kuma na ga inda ta soke shi. Na ji zafinta ni ma, amma ban janye ba.

"Ki iya bakinki, Yaya," in ji Rajih. "So kike a ba da Iyaye? Da me za a san gidan nan in babu su?"

"Abu biyu ne a gabanmu, babu na uku. Ko su zama nata suna raye, ko su zama namu a ƙarƙashin laka. Zaɓi ɗaya."

"In ta karɓa ta hana mutane iri fa? Gida arba'in! Kin san tsohuwar nan, ko gishiri ba ta ba da aro."

"Sai mu roƙe ta. A iya roƙon mai rowa. Matacciyar bishiya wa za ka roƙa?"

Baba ya ɗago. "In na mayar, na tsaya a gaban gari na ce ubana ya ci haƙƙin mace."

"Gari ya sani, Baba. Tsofaffi duk sun sani. Mu 'ya'yanka ne kawai ba mu sani ba."

Bai amsa ba ranar. Bai amsa ba washegari. Na bi shi da maganar da safe, na bi shi da rana, har ya fara guje wa ɗakin da nake. Ranar Alhamis aka yi yayyafi na ɗan lokaci, wanda bai isa ya jiƙa mayafi ba, amma da na hau na tarar ƙasa ta ƙara zubowa ta ramin har ta rufe gindin bishiya biyu. Na ciko tafin hannuna da ita, na sauko na zuba a kan tabarmar da yake zaune. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wa Rajih ya ɗauko masa wuƙarsa ta ɗamara ya goge kubenta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kafin maza su watse, Baba ya tsaya a gaban Akil Naji. Mu mata muna can kan matakala muna gani. Ya kwance wuƙar daga ƙugunsa ya ajiye a ƙasa, wanda a wurinmu ke nufin maganar da zai yi ba ta da komawa.

"Hawan Iyaye na gidan Sabit ne," ya ce. "Ganiya ce ta shuka su. Ina da shekara goma sha bakwai na ɗauki dutsen da aka karɓe shi da shi, kuma na san abin da nake ɗauka. Na mayar. Ku shaida."

Wasu tsofaffi suka sunkuyar da kai. Akil ya aika aka zo da Inna Ganiya. Ta iso tana dogara sanda, ba ta dubi Baba ba ko sau ɗaya.

"A rubuta," ta ce. "A karanta mini sau biyu."

Aka rubuta, aka karanta mata sau biyu, ta sa aka ƙara na uku. Ta dangwala yatsa. Sannan ta juya ga jama'a.

"Gobe gayya a katangata. Kuma ba gidan Galib za su dafa ba. Ni zan dafa."

Da me za ta ciyar da maza sittin? Ba wanda ya tambaya. Kafin magariba na ga mata suna hawa gidanta, wannan da garin dawa, waccan da man shanu, wata tana jan ɗan akuya. Duk daga gidajen da suka taɓa zuwa da kwano ne. Ni dai ban kai ko albasa ba, don na gane sharaɗin.

Da sassafe aka buga ganga. Aka fara sauke inda ya yi cikin, dutse bayan dutse, aka tono har tushe. Sannan kowa ya ja baya. Inna Ganiya ta sauko cikin hawan Iyaye, karo na farko a shekara hamsin da biyar. Ba ta nufi katangar kai tsaye ba. Ta bi bishiyoyin ɗaya-ɗaya tana dafa su, maza sittin suna tsaye suna jira, ba wanda ya yi tari. Da ta gama ta zaɓi dutse ta rungumo. Rajih ya miƙa hannu zai taya ta, ta make shi da sanda.

"Cire hannunka! Ka riga ka ɗora naka ai."

Ta ɗora, aka yi kabbara, aiki ya kama. Mai waƙa ya ɗaga murya, maza suna amsawa, dutse yana bin hannu zuwa hannu. Rajih ya yi aikin mutum uku, ita kuma tana zaune a inuwa ba ta bar shi ya huta ba. "Baƙar fuskar waje, ɗan Hizam! Ko ba a koya maka ba?" Kwana biyu aka yi. Aka bar ramukan tsiyayar ruwa, aka share magudana har tafki.

Ruwa ya sauka kwana huɗu bayan nan, da azahar, kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a ƙofar ɗakin niƙa ina hango katangar ta cikin ruwan. Ta tsaya. Ruwan ya bi magudana ja wur ya wuce tafki. Bayan kwana goma Iyaye suka yi fure fari, ƙamshin yana kaiwa har hanya. Na yi murna, kuma na yi kuka, don na san wannan furen ba namu ba ne.

Da kaka ta yi, Inna Ganiya ta aiko a kira ni. "Gwiwa ba ni da ita, Mukbil kuma sai waya," ta ce. "Ke kika san su. Ki tsinko mini, jajayen kawai." Na tsinko da wasu mata, muka baza a saman soronta, ta zauna tana gadin su daga tsuntsaye har suka bushe. Ba ta ce za ta ba kowa ba, ba ta ce za ta hana ba. Mutane suna tambayata a hanya, ina ce musu ni ma ban sani ba. Rajih kullum sai ya ce, "Na gaya miki ai."

Sai wata Litinin da safe aka ga tabarma a ƙofar gidanta, da buhu, da mudu. Labari ya zaga. Kafin hantsi layi ya kai kwanar hanya, kowa da kwanonsa.

Baba ya shiga madafa ya ɗauko kwano. Na ce zan je in karɓo mana, ya ce a ɗaura wa jaki shimfiɗa. Da muka isa mutane suka fara matsawa suna cewa, "Wuce gaba, Baba Hizam." Ya ƙi. Ya tsaya a ƙarshen layi a rana, yana dogare da ni, mutumin da ya fi shekara talatin shi ke riƙe da mudun. Sai da kowa ya karɓa muka isa gabanta.

"Wane ne?" ta ce, alhali tana ganinsa.

"Hizam ne."

"Ka tumɓuke kat?"

"Ban taɓa shuka shi ba, kin sani."

"Ɗanka yana da hawa guda bayan tafki. Daga sorona ina gani. Sharaɗi bai canza ba."

Waɗanda ba su tafi ba suka fashe da dariya. Rajih, da ya biyo mu da jaki, ya dafe kai ya ce, "Inna, ni me na yi miki ne?" Baba ya ce gobe za a tumɓuke, ko da shi zai rarrafa ya yi.

Ta karɓi kwanon. Ta cika mudu ta juye, ta danna da tafin hannu, ta ƙara dunƙule guda a kai. Ba ta miƙa masa nan da nan ba. Ta riƙe gefe ɗaya, shi yana riƙe da ɗaya.

"Na bi su ɗaya-ɗaya ranar gayya," ta ce, a hankali yadda mu uku kawai muka ji. "Goma sha ɗaya na bari, goma sha ɗaya na samu. Ka kula mini da su, Hizam."

Baba ya gyaɗa kai. Hawaye suka bi gemunsa, bai share ba, don hannayensa biyu suna kan kwanon. Ta saki.

Muka ɗora shi a kan jaki muka gangaro. Hanyar tana da santsi, na ce ya ba ni kwanon in riƙe masa kada ya zube. Ya ƙi ba ni har muka isa gida.